Bakowa, Karen Ƙanena Isufu

Bana shekara biyar ke nan da muka binne ƙanena Isufu, kuma a irin wannan lokacin ne, da hatsi ya yi tsawon da zai ɓoye mutum a tsaye. Duk wanda ya san Filingue da damina ya san abin da nake nufi. Ta duk inda ka fita bayan gari ba ka ganin komai sai kore, kara na gogar kara, iska na bi ta ciki da wannan ƙarar da manoma suke so. Ni ma da ina son ta. Yanzu in na ji ta tashi sai in shiga ɗaki in ja ƙofa.

Shekarun da suka wuce ban rubuta komai a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata hira da na ji a rediyo kwanakin baya, ina zaune ina tsinke zogale. Ana magana ne a kan wasu ƙasashe inda likitoci suke haɗa sojan da ya dawo daga yaƙi da kare. Ba karen gadi ba, kare ne da ake horarwa musamman saboda mutumin da yaƙi ya biyo shi har gida. Shi zai riga shi shiga ɗaki, ya tsaya a bayansa cikin taro, ya tashe shi in mugun mafarki ya danne shi, ya ɗora masa kai a cinya in numfashi ya fara sarƙewa. Wai a wani wurin ma sojan ne da kansa yake horar da karen, kuma horarwar ita ce rabin maganin. Har riga ake sa wa karen, da rubutu a jikinta, don kada a hana shi shiga mota ko asibiti. Na ajiye faifan zogalen na kasa ci gaba. Ashe abin da Isufu ya gano shi kaɗai a bayan rumbunmu, a wani wuri aiki ne na masu ilimi, har da takarda. A wurinmu kuwa sunan karen kawai aka ji, kuma shi ya jawo abin da ya jawo.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, sunana Hadiza. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu ina zaune da Inna, don haka kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Isufu shi ke bi na, amma da tazara, ni na goya shi. Yaro ne mai ƙarar dariya, kuma manomi tun yana ƙarami. In an kira gayya, shi ake sa wa a bakin kunya ta farko don sauran su ji kunya su bi shi. Ba ya kirana Yaya sai in yana neman wani abu, kullum sai dai Madam, yana ƙamewa wai shi ɗan lakwal ne da ya makara. Damina biyu da ba su yi kyau ba suka tura shi aikin soja, ba son bindiga ba. Aka kai shi arewa, can bakin iyaka. Da ya dawo, ya dawo da rauni a kafaɗa da takardar sallama. Kafaɗar ta warke cikin 'yan watanni, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, ya tsira.

Mu na cikin gida ne muka san bai tsira ba. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa a ƙofa. A masallaci sai sahun ƙarshe, can ƙurya. Wata ranar kasuwa babur ya yi tusa a kusa da 'yan tumatir, sai ga Isufu a ƙarƙashin tebur ya rufe kai da hannu, mutane na ta dariya, wai soja ya ga yaƙi. Barci kuwa ba a maganarsa. Matarsa Zali, yarinya mai haƙuri, ta fito wata safiya da shatin yatsu a wuya. Cikin barci ya shaƙe ta, bai ma san ya yi ba. Ranar ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta a Tabla, kuma ba wanda ya ga laifinta. Shi da kansa ya ɗaukar mata ƙunshin kaya zuwa tasha, ya dawo ya zauna a inda ya saba.

Babu abin da ba mu yi ba. Ya sha rubutu har ya gaji. An yi masa hayaƙi, an kawo wata tsohuwa daga wajen Damana ta ce iska ce ya taka a daji. Na kai shi Yamai, likita ya saurare shi da kyau, ya ba shi ƙwayoyin da suka sa shi yini yana gyangyaɗi, bakinsa a bushe. Ba na zargin kowa a cikinsu, kowa ya ba da abin da yake da shi.

Daminar farko ce ta nuna mini girman abin. Ya yi shuka lafiya, ya yi noman farko lafiya, hatsi yana ƙasa da gwiwa. Da ya kai lokacin maimai, hatsi ya wuce ƙirji, na kai masa fura gona da hantsi. Na same shi a tsaye a bakin gonar da hauyar tsaye mai doguwar ƙota a hannu, bai taɓa ko ciyawa ɗaya ba, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na kira shi bai juyo ba. Sai da na dafa shi ya ce, “Yaya, cikin hatsi sunka hito muna. Muna tahiya, hatsi dama, hatsi hagun, ba mu ga kowa ba. Mu tara cikin mota, ni ɗai na tashi.” Iyakar abin da ya taɓa gaya mini ke nan game da yaƙin, ban kuma ƙara tambayarsa ba. Amma ku da kuka san ƙasarmu ta Kurfai ku auna. A nan namiji gonarsa ce shaidarsa. Wanda ba ya iya shiga hatsi, ba shi da abin da zai ciyar da iyali, ba shi da bakin magana a cikin maza, ba shi da dalilin da zai sa matarsa ta dawo. Gonar ta mutu a ciyawa a shekarar.

Bayan girbi makiyaya suka sauko kamar yadda suka saba, suka yi zango a gonaki don shanu su ci kara su bar taki. Da suka tashi, suka bar wani ɗan kwikwiyo a gindin aduwa, irin karnukan nan nasu dogaye sirara, ja da farin ƙirji. Isufu ya zo da shi a cikin riga. Inna ta yi tsalle ta dire, ta ce ba a gidanta ba. Ni na je wurin limamin unguwarmu na tambaya, don in rufe bakin masu magana tun da wuri. Ya ce, “Kare na tsaron gona da gida babu laihi. In ya sa baki ga ƙwarya a wanke ta, kuma a tsare shi daga wurin salla.” Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka addini ne ya raba Isufu da karensa. Malam bai hana ba. Inna ma da ta ga ɗanta ya fara tashi da safe yana neman abin da zai ba wata halitta, sai ta riƙa ajiye masa ƙanzon tuwo.

Da ƙanzon nan ya horar da shi. Ban san inda ya koyo ba, ina jin buƙata ce ta koya masa. Zai tsaya a ƙofar ɗaki ya jefa ɗan ƙanzo ciki, kwikwiyon ya shiga ya zagaya ya fito. Sannu a hankali ya daina jefawa, sai dai ya nuna da hannu. Karen ya shiga, ya shinshina kowace ƙurya, ya dawo ya zauna a kan ƙafarsa ya ɗaga kai yana kallonsa. Sai Isufu ya ce, “Ba kowa,” ya ba shi ƙanzo, sannan shi ma ya shiga. Daga ɗaki suka koma zaure, daga zaure bayan rumbu, daga nan lungunan unguwa. In akwai baƙo a wurin, karen ba ya haushi, tsayawa yake cak kunnuwa a miƙe. Wanda ya sani kuwa ba ya lissafa shi, shinshinawa kawai zai yi ya wuce. Abin da na lura da shi shi ne, kwikwiyo ba ya zuwa wurin mutumin da muryarsa ke rawa. Dole Isufu ya koyi sassauta numfashi da tausasa murya kafin karen ya saurare shi. Na sha zama ina gyaran takardun yara ina kallonsu, ban san wa ke horar da wa ba.

Saboda yawan jin kalmar tare da ƙanzo, karen ya ɗauka sunansa ne. Ko daga nesa aka ce “ba kowa” sai ya taho a guje. Haka ya zama Bakowa. Ba wanda ya zauna ya raɗa masa.

Daminar da ta biyo ita ce mafi daɗin da na gani tun rasuwar mahaifinmu. Isufu zai tsaya a bakin gona, ya nuna, Bakowa ya nutse cikin hatsi, ka ga kara na motsi har can ƙarshe, ya dawo ya zauna a ƙafarsa. “Ba kowa.” Sai ya shiga da hauya. Yana noma karen na gabansa, in iska ta kaɗa kara ya daskare, sai karen ya zo ya jingina da ƙafarsa har abin ya sake shi. A ƙofar ɗakinsa karen yake kwana, kuma Isufu ya ce mini da zarar ya fara fizge-fizge cikin barci karen ke ja masa bargo har ya farka. Ya cika rumbu a shekarar. Ya je Tabla da damman hatsi a amalanke, ya dawo da Zali da 'yarsa. Ranar da suka iso ya ƙame a gabana ya ce, “Madam, na makara, amma na zo.” Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na ɓoyewa.

To a nan ne sai na yi wa wanda ba ɗan ƙasar nan ba bayani. A wurinmu ba a sa wa kare suna haka kawai. Sunan kare habaici ne. Abin da ba za ka iya gaya wa maƙwabci a fuska ba, sai ka sa wa karenka, ka riƙa kira da ƙarfi safe da yamma. Mahaucin unguwarmu karensa Inaruwanku. Wata mata da dangin miji suka dame ta, nata Kungaji. Kowa ya san da wa ake, kowa kuma sai ya yi kamar bai sani ba, wannan shi ne daɗin abin. Don haka in aka ji sabon sunan kare a unguwa, tambayar farko ita ce, da wa yake?

Babban gidanmu shi ne Baba Sanda, ƙanen mahaifinmu. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gandu, kuma da Isufu ya dawo ya nemi a yanka masa rabon mahaifinsa ya noma da kansa. An ba shi, amma ba da daɗin rai ba. Baba Sanda da abokansa dattawa suna da tabarmarsu a gindin dogonyaro, daidai ƙofar zaurenmu. To ku duba abin da suke gani kullum safiya. Isufu ya zo bakin zaure ya tsaya. Kare ya fito ya zagaya su, ya shinshina takalmansu, ya koma ya zauna. Isufu ya leƙo, ya bi saman kawunansu da kallo dama da hagu, ya ce da ƙarfi, “Ba kowa.” Sannan ya fito ya gaishe su. Shi yana nufin babu mai bindiga a bayan bango. Su kuwa dattawa ne zaune da furfurarsu, yaro ya dube su ya ce ba kowa.

Da maganar ta fara yawo na je na durƙusa gaban Baba Sanda na gaya masa komai, har da abin da ya faru cikin hatsi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ke Hadiza, ni za ki yi ma karatun lakwal? Soja, wanda gwamnati tab ba bindiga, shi ka tsoron hatsi? Hatsin da anka haihe shi ciki? Yaron ga ni shika nuhi, tun batun gona. Kullum sahe shi dube mu shi ce ba kowa. To mu mi na? Itace?” Na rantse masa. Ya ce in gaskiya ne, Isufu ya zo gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa tsoro yake ji.

Ya san Isufu ba zai iya ba, kuma ni ma na sani. Mutumin da aka yi wa dariya a ƙarƙashin teburin tumatir ba zai sake tsayawa gaban maza ya ce yana tsoron gona ba. Na ce wa Isufu to ya sake wa karen suna, ko ya riƙa faɗa a zuci. Ya gwada, na ga ya gwada. Ya ce mini, “Yaya, ba suna ba na, magana ta. In ban ji ta da kunnena ba, ba ta shiga.” Ya riƙa rage murya, ya riƙa bi ta ƙofar baya, amma an riga an ji. Har yara a unguwa in suka ga Baba Sanda sai su kira kare da ƙarfi su ruga. Wannan kam ba laifin Isufu ba ne, amma a kansa aka ɗora.

Farkon damina ta uku lokacin komawarsa asibiti ya yi, na raka shi Yamai. Ya so ya tafi da karen, direban motar ya ce ko da kuɗin kujera biyu ba zai ɗauki kare cikin mutane ba. Shi ya sa maganar rigar nan da na ji a rediyo ta tsaya mini a rai. Da Bakowa yana da tsumma ɗaya a baya mai rubutun da direba zai girmama, da tare muka tafi da shi. Muka bar shi wurin Zali. A bayanmu ranar kasuwa ta zo, makiyaya na wucewa arewa da shanu kamar kowace shekara. Baba Sanda ya sa aka ɗaure karen da igiya ya ba wani daga cikinsu, kyauta. Zali suruka ce, ba ta da bakin yi masa magana. Inna ta yi magana, aka ce mata ta shiga gida.

Na yi zaton Isufu zai yi faɗa, har na shirya riƙe shi. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi ƙwaryar ruwan karen, ya tambaya ta wace hanya suka bi. Ya bi sawun shanu har inda jandarmomi suka mayar da shi, don a lokacin ba a barin mutum ya wuce arewa shi kaɗai. Ya dawo ƙafafu a kumbure. Ni kuwa na yi faɗan da bai yi ba. Na tsaya a ƙofar zaure, a tsaye ba a durƙushe ba, na gaya wa Baba Sanda abin da ban taɓa gaya wa babba ba, kuma har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Na nemo wani kwikwiyo, amma horo ba abin mako biyu ba ne, hatsi kuma ba ya jira.

Muna kallo yana tashi. Yana gwiwa, Isufu ya yi noman farko. Ya kai ƙugu, ya fara tsayawa a bakin gona. Da ya wuce kai, garin duka ya zama a kewaye, ta ko'ina hatsi. Isufu ya koma jikin bango. Ya ce wa Zali ta riƙa kwana a ɗakin Inna da yarinyar, don ba ya amince wa hannunsa. Barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Daga baya muka gane ya fara sayen ƙwayoyin nan da ake sayarwa a tebur, waɗanda samari ke sha don su yi aiki ba gajiya, wai ko za su ba shi ƙarfin zuciya. Ciyawa ta fara cin gonar. Sai wata safiya Baba Sanda ya faɗa a gindin dogonyaro, yadda za a ji har cikin gida, cewa gonar da aka bari ta mutu sau biyu gandu za ta koma, tun da mai ita ba ya noma sai da kare.

Isufu ya ji. Ya ɗauki hauya ya fita ta ƙofar zaure, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce gona. Ba na gida a lokacin. Zali ce ta kai masa fura da azahar, ta yi ta kira daga bakin gona ba amsa. Da ta shiga, ta ga ya nome wuri mai yawa, tas, irin nomansa na da. A ƙarshen inda ya nome ta same shi kwance a kan fuska, tsakiyar hatsi, hauya a ƙarƙashinsa ya rungume ta da hannu biyu. Babu rauni, babu saran maciji. Ma'aikacin asibiti ya ce zuciya ce ta tsaya. Ban yi masa musu ba. Abin da ba ya barina barci shi ne tunanin tsawon lokacin da ya yi a ciki shi kaɗai, kara na motsi ta kowane gefe, yana noma yana jiran su fito.

A zaman makoki an yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulma ce. Amma kwanan da ya ƙare bai wanke hannun wanda ya ɗaura igiya ba. Har yau ina gaida Baba Sanda, ina durƙusawa kamar yadda aka koya mini, in ya yi ciwo ina kai masa kunu. Iyakarta ke nan.

Bayan girbi makiyaya suka sauko. Wata safiya muna tsakar gida, Inna na bakace, Baba Sanda ya shigo duba rumbu, sai ga kare ya faɗo ta zaure, ƙashi da fata, da guntun igiya a wuya. Bai kula kowa ba. Kai tsaye ya shiga ɗakin Isufu, wanda Zali ta riga ta kwashe kayanta daga ciki. Muna jin sa yana shinshina ƙurya ƙurya. Ya fito ya tsaya a ƙofar, ya duba inda mai shi ya saba tsayawa, bai gan shi ba. Sai ya zo ya zauna a kan ƙafata ya ɗaga kai yana jira. Duk wanda ke wurin ya ga abin da ya yi, ya kuma san kalmar da yake jira. Baba Sanda ya daɗe a tsaye. Sai ya juya ya fita bai duba rumbun ba. Bai taɓa ce mini ya gane ba, ni ma ban tambaye shi ba, amma tun daga ranar bai sake cewa a fitar da karen ba.

Ina yawan tambayar kaina me Isufu zai ce da ya ga yau. Batun rigar kare kam na san dariya zai yi, ya ce su can da riga, mu nan da ƙanzo. Sauran ba abin dariya ba ne. Tsoron da aka ce namiji ba ya ji, yanzu kowa na jin sa. Gonakin nesa da yawa an daina zuwa saboda 'yan bindiga. Dattawan dogonyaro da kansu, in za su gona da hatsi ya yi kai, sai sun taru, sai sun tsaya a baki sun saurara. Samari kuma suna ta dawowa daga arewa da irin idon Isufu. Ina ganin su a kasuwa, ina gane su daga yadda suke zaɓen wurin zama. Wasunsu ni na koya musu karatu. Muna tarbarsu da barka da arziki, mu duba hannu da ƙafa mu ga sun cika, mu ce sun tsira. Ba mu da kalmar da za mu tambaye su sauran, su ma ba su da kalmar da za su ba mu amsa ba tare da sun zubar da mutuncinsu ba.

Ba na cewa kare maganin kowa ne, ni ba likita ba ce. Abin da na gani kawai nake faɗa: mutum ya tashi daga jikin bango ya cika rumbu, aka ɗauke karen, ya koma jikin bango. Bara wani mutum daga wajen Damana, wanda shi ma ya yi aikin soja, ya yi sallama a gidanmu. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce ya ji labarin karen, yana so ya san yadda aka yi. Na nuna masa da ƙanzo, a ƙofar ɗaki, yadda na ga ana yi. Na ce masa abu ɗaya na ƙara daga wurina: kafin karen ya koyi kalmarsa, ya samu babba ɗaya a gidansu ya gaya masa ma'anarta, ko da kunya za ta kashe shi. Ya ce zai gwada. An ce mini ya yi noma bana. In haka ne, to wannan gadon Isufu ne, tare da 'yarsa da take aji uku a Tabla, mai ƙarar dariya irin tasa.

Bakowa ya tsufa yanzu, bakinsa ya yi fari, ƙafar baya na ja. Ba ya zuwa gona, ba wanda zai raka. Amma aikinsa ɗaya bai bari ba. Kullum da safe, kafin in tafi lakwal, zai tashi ya shiga ɗakin Isufu, ya bi kowace ƙurya, ya fito ya zauna a kan ƙafata ya ɗaga kai. Da farko na kasa faɗar kalmar, sai in ba shi ƙanzon kawai, shi kuma ya ƙi karɓa ya ci gaba da kallona. Ya yi aikinsa, haƙƙinsa ne a ba shi amsa. Don haka nake dafa kansa, in dubi ƙofar ɗakin ƙanena, in faɗa da ƙarfi yadda kunnena zai ji.

“Ba kowa.”

Sai ya karɓi ƙanzonsa ya je ya kwanta.